Koren shayi da ciwon daji: yadda za ka sha shi ya amfane ka ba tare da ya cuce ka ba

Tunda maganar nan ta bazu cewa wai koren shayi yana kashe ciwon daji, tambaya biyu ake ta yi min, kofi nawa zan sha a rana, sannan kafso ya fi ko ganye. Toh amsar tana da ɗan tsawo fa, don maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗayanta, amma kuma ba haka take ba yadda masu talla suke kwararo ta. Akwai abu a cikin ganyen nan da masana suka kwashe shekara sama da talatin suna bin diddiginsa, sai dai tsakanin abin da ya yi a kwalbar gwaji da abin da zai yi a jikinka akwai tafiya mai nisa, kuma in ka sha shi ta hanyar da ba ita ba sai ka je neman ƙiba ka samo rama.

Ka fara da sanin me kake saya. Koren shayi da baƙin shayi duk itaciya ɗaya ce, sunanta Camellia sinensis, hannun da ganyen ya bi bayan an tsinke shi ne ya raba su. Ka taɓa yanka tuffa ka manta da ita a faranti? Ka dawo bayan minti goma ka tarar fuskarta ta yi duhu ta koma ruwan ƙasa, toh iska ce ta haɗu da wani sinadari da ke cikinta. Haka ganyen shayi yake. Masu yin baƙin shayi murza ganyen suke su bar shi ya sha iska har ya yi baƙi, masu kore kuwa hanawa suke tun da wuri, a Japan turara ganyen ake da tururi, a ƙasar Sin galibi gasa shi ake a babban kasko, zafin nan ya tsayar da aikin iskar. Shi ya sa sinadaran da ake kira katekin suke zama yadda suke a koren, a baƙin kuma yawancinsu sun riga sun juye sun zama wani abu daban. Katekin ɗin iri-iri ne amma babbansu, wanda ya fi yawa kuma duk surutun nan a kansa ake, shi ne EGCG.

Don haka wajen saye ka duba ganye ne zalla ko an cakuɗa shi da kayan ƙamshi da sukari. Ganyen da ka ga har yanzu kore ne shar, ka shinshina ka ji kamar ɗanyar ciyawa, shi ne mai rai. Wanda ya koɗe ya yi toka-toka ba ƙamshi ya tsufa. Na cikin 'yar jaka ma ba laifi in dai sabo ne. Wanda nake so ka cire daga lissafi shi ne na cikin gora da ake sayarwa a sanyaye an rubuta koren shayi a jiki, yawancinsu ruwan sukari ne da ɗan launi, katekin ɗin ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai kuma garin nan na Japan da ake kira maca, shi ganyen ne gaba ɗaya aka niƙa kake haɗiyewa, don haka komai nasa ya fi ƙarfi, har da kafeyin ɗin, cokali ƙarami ya isa.

Me EGCG ɗin yake yi ne har ake ta magana? Ƙwayar halittar jikinka in ta lalace tana da umarni a cikinta na ta kashe kanta, ita kuwa ƙwayar daji ta yi kunnen ƙashi da wannan umarnin, sai dai ta yi ta rabuwa tana yawa. A ɗakin gwaji an ga EGCG yana tura irin waɗannan ƙwayoyin su koma bin umarnin. Wani abu kuma, ƙari ba ya girma ya wuce 'yan milimita sai ya jawo wa kansa sabbin jijiyoyin jini da za su ciyar da shi, kuma tun 1999 wasu masu bincike a Suwidin suka nuna a jikin dabbobi cewa shayin nan yana rage tsirowar irin waɗannan jijiyoyin. A 2004 masana a jami'ar Kyushu ta Japan suka gano wata 'yar ƙofa a fatar ƙwayoyin daji da EGCG yake maƙalewa a jikinta. Na baya-bayan nan da ya fi burge ni shi ne na 2021 daga wata jami'a a jihar Niyok ta Amurka. Akwai wani furotin a jikinmu da ake kira p53, aikinsa gadi, shi ke tsayar da ƙwayar da ta lalace, akwai kuma wani mai suna MDM2 da ke kama shi ya kai shi a rushe, sai aka ga EGCG yana zama daidai wurin da MDM2 ɗin yake kamawa, kenan mai gadin ya ƙara kwana a bakin aiki. Abin sha'awa ne ƙwarai wallahi.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A kwalbar gwaji zuba sinadarin ake kai tsaye a kan ƙwayoyin, da yawan da ya ninka abin da ke isa jininka sau goma ko fiye. Kai kuwa in ka sha kofi ɗaya sai ya bi ciki ya bi hanji, wani ya lalace a hanya, wanda ya samu shiga hanta ta sarrafa shi a fitar, ɗan abin da ya rage a jini kaɗan ne kuma cikin 'yan awanni ya tafi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka abu biyu, na farko kofi ɗaya a sati ba komai zai yi ba, na biyu ya fi kyau ka rarraba shan a wunin da ka ɗura tulu guda lokaci ɗaya.

Toh yadda ake haɗawa. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne a zuba ganyen a tukunya a bar shi yana ta tafarfasa, ya fito baƙi-baƙi da ɗaci kamar maɗaci, daga nan sai a bi shi da sukari cokali huɗu don ya shawu. Ba haka ba. Ka tafasa ruwanka shi kaɗai, ka sauke, ka bar butar a buɗe kamar minti biyar zuwa bakwai, zafin ya sauko wajen digiri 75 zuwa 80. In ba ka da ma'aunin zafi ka juye ruwan daga buta zuwa kofi mara komai sannan ka sake juyewa kan ganyen, juyi ɗaya yana rage zafi sosai. Ganye ƙaramin cokali ɗaya, wajen giram 2 kenan, ga kofi ɗaya. Ka rufe ka bar shi minti uku. In a kofin gilashi ka yi za ka ga ganyen da ya shigo a murɗe kamar zare yana warwarewa a hankali yana nutsewa, ruwan ya koma rawaya mai ratsin kore, kana hango gindin kofin tas. In ya fara komawa ruwan ƙasa toh ya wuce. Gaskiya ne in ka ƙara zafi ko ka ƙara lokaci katekin ɗin da zai fito ya fi yawa, amma ɗacin ma daga su yake, kuma ni a ganina shayin da za ka iya sha kullum ba sukari ya fi wanda za ka sha kwana uku ka ce ka gaji. In kana jure ɗaci ka kai shi minti biyar, ba damuwa. Kar ka zubar da ganyen, ka sake zuba masa ruwa karo na biyu, har yanzu da sauran abu a ciki.

Ka matsa lemun tsami kaɗan. Wannan ba don ɗanɗano kawai ba ne, katekin yana son wuri mai tsami, da ya baro ciki ya shiga hanji inda tsamin ya ragu sai ya fara rushewa. A 2007 a jami'ar Purdue an kwaikwayi narkewar abinci a ɗakin gwaji, aka ga shayin zalla abin da ya tsira na katekin bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, da aka sa ruwan lemun tsami sai ya tashi zuwa wajen kashi 80. Sukari kuwa ka rage shi har ka daina in za ka iya, don ƙiba mai yawa tana da alaƙa da nau'in ciwon daji har 13, ba dabara ba ce kana shan shayi don tsoron daji kana loda masa abin da ke ƙara maka teɓa.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Kar ka sha shi da zafi ƙuna. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sa abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon daji, dajin bututun abinci, wannan hanyar da ke sauka daga maƙogwaro zuwa ciki. Ba ganyen ba ne matsalar, zafin ne, kullum kana ƙona fatar wurin tana warkewa kana sake ƙonawa, shekara da shekaru. A lardin Golestan da ke arewacin Iran, inda irin wannan dajin ya yi yawa kuma mutane suna shan baƙin shayi da zafin gaske, binciken da ya fito a 2009 ya nuna masu sha kafin a yi minti biyu da zubawa haɗarinsu ya ninka na masu jira minti huɗu ko fiye sama da sau biyar. Daga baya aka bibiyi mutum sama da 50,000 a wannan yankin aka sake ganin abin ya tafi a kan hanya ɗaya. Ka ga kenan mutum zai iya sayen koren shayi mafi tsada don gudun daji, ya riƙa kurɓarsa yana hura baki yana hawaye, alhali da ruwan sanyi ya sha ya fi masa. Gwajin mai sauƙi ne, in sai ka yi ta hurawa kana kurɓa kaɗan-kaɗan da tsoro toh bai huce ba, ajiye shi ka yi wani abu ka dawo. Masu zubawa a fulas su ma su kula, fulas mai kyau yana riƙe zafi awanni, ka tsiyaya a kofi ka jira.

Kofi nawa? Ni dai uku zuwa huɗu a rana nake cewa ga babba mai lafiya, kuma bari in gaya maka abin da aka gani a jikin mutane don kar ka ɗora wa kofin nan kayan da ba zai iya ɗauka ba. A yankin Miyagi na Japan an bibiyi mutum 40,530 har tsawon shekara 11, sakamakon ya fito a 2006, masu shan kofi biyar ko fiye a rana (kofinsu ƙarami ne fa, wajen mililita 100) mutuwa ta ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ta yi ƙasa a cikinsu, amma mutuwa ta ciwon daji ba a ga ta ragu ba. A shekarar dai a Italiya aka ɗauki maza 60 da ke da alamar farko ta dajin furostet, wannan 'yar ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, rabi aka ba su katekin miligiram 600 kullum na shekara guda, rabi aka ba su na bogi, a ƙarshe mutum 1 cikin 30 ne ya kamu a ɓangaren masu katekin, ɗaya ɓangaren kuwa 9 cikin 30. Labari ya yi daɗi duniya ta ɗauka. Da aka sake irin gwajin a Fulorida da maza 97, sakamakon 2015 bai nuna bambancin da za a dogara da shi ba. A 2020 ƙungiyar Cochrane, su ne masu tattara bincike su tace, suka haɗa bincike 142 na mutum sama da miliyan ɗaya, abin da suka samu shi ne sakamakon yana karo da juna, wani ya ce ya rage wani ya ce bai rage ba. Don haka ka sha a matsayin abin sha mai kyau da ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba, wanda wataƙila yana ɗan taimakawa, kar ka sha da niyyar wai ka yi rigakafi ka gama. Wanda ke busa sigari yana korawa da koren shayi kansa yake yaudara. Barin taba da giya, allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, allurar HPV ga yara (rigakafin ƙwayar cutar da ke jawo dajin bakin mahaifa), gwajin bakin mahaifa da na mama a kan lokaci, waɗannan su ne hujjarsu ta tsaya da ƙafarta.

Lokacin sha ma da magana. Shayi yana kama sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke yin jini da shi, da ke cikin abinci, musamman na ganye da hatsi da wake, ya hana jiki ɗauka, don haka ka ba da tazarar awa ɗaya tsakaninsa da abinci, in kuma kana da ƙarancin jini ko kana shan maganin ƙarin jini ka ƙara tazarar. Wasu in sun sha da sassafe ciki ba komai sai tashin zuciya, in kana cikinsu ka ɗan sa wani abu a baki tukuna. Kafeyin ɗinsa bai kai rabin na gahawa ba a mafi yawan lokaci, amma yana nan, mai wahalar barci ya tsaya daga la'asar. Mai juna biyu kuma ana so duk kafeyin ɗinta na rana kar ya wuce miligiram 200, kofi ɗaya ko biyu ya ishe ta.

Sai maganar kafso, wadda ita ce ta sa ma na zauna rubuta wannan. Wata gwaggona tana cikin jinya, wani mai son ta da alheri ya kawo mata kwalbar kafson koren shayi ya ce ai ganye ne ba ya illa. Na karɓa na juya bayan kwalbar, rubutun ƙanana sai da na matsa kusa da taga, kafso ɗaya EGCG miligiram 400, a sha uku a rana. Na ce Gwaggo don Allah ki ajiye wannan sai likitanki ya gani. Dalili kuwa a 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta duba lamarin, ta ce shayin da aka jiƙa aka sha yadda aka saba galibi ba shi da matsala, amma EGCG na kafso daga miligiram 800 a rana zuwa sama an ga yana taɓa hanta. Akwai mutanen da abin ya kai su har sai da aka yi musu dashen hanta, kuma haɗarin ya fi yawa in ana haɗiya ciki ba komai, wanda kuwa haka masu neman rage ƙiba suka fi yi. In har kana sha ka ga fitsari ya yi duhu, ido ya yi rawaya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, gajiya mara dalili, ka tsaya nan take ka je asibiti da kwalbar a hannu. Eh an yi gwaji da kafso mai ƙarfi a asibitin Mayo na Amurka a kan mutum 42 masu wani nau'in dajin jini mai tafiyar hawainiya, miligiram 2000 sau biyu a rana, kuma da yawansu ƙwayoyin cutar sun ragu a jini ko kumburin kaluluwa ya sauka, amma ba warkewa suka yi ba, kuma likitoci ne tsaye a kansu suna auna hantarsu a kai a kai, ba abin da mutum zai kwaikwaya a ɗakinsa ba ne. Maganin da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi daga koren shayi, a 2006, man shafawa ne mai suna Veregen na tsiron da ke fitowa a al'aura, ba na daji ba.

Wanda kuma aka riga aka tabbatar yana da ciwon, ko kake jinyar wani, kar a bar kemo (maganin kashe ƙwayoyin daji) ko tiyata ko gashin ƙari da na'ura a koma shayi, ko da wasa. Kuma kar a ɗauka tunda shayi ne ba sai an faɗa wa likita ba. Akwai maganin dajin ɓargo da ake kira bortezomib, sunan kasuwarsa Velcade, a 2009 masu bincike a Kalifoniya suka gano EGCG yana manne wa maganin kansa ya kashe masa ƙarfi, a kwalbar gwaji da kuma jikin ɓeraye, wato abin da aka sha don ya taimaka shi ne yake kare ƙwayar dajin daga magani. Ba shi kaɗai ba, maganin hawan jini nadolol ma koren shayi yana rage yawan wanda ke shiga jini sosai, masu shan warfarin na tsinka jini su ma ana ja musu kunne kan sha da yawa. Ranar ganin likita ka tafi da kwalin shayin ko kwalbar, ka faɗi kofi nawa ake sha da wane lokaci, ka tambaya kai tsaye ko ya dace da maganin da ake bayarwa. In ya ce a dakata har a gama zagayen magani a dakata.

Ajiya kuma, ganyen nan ba ya shiri da haske da iska da danshi da zafi, kuma yana jan warin duk abin da ke kusa da shi, in ka ajiye shi gefen kayan yaji gobe shayinka zai yi ƙamshin miya. Ka samu gwangwani mai murfi da ke rufuwa gam, ba kwalba mai haske ba, ka sa shi nesa da murhu. Ka sayi kaɗan wanda za ka shanye cikin wata biyu ko uku bayan ka buɗe. Wanda ka jiƙa kuma ka sha shi a ranar, in ya wuni a ajiye za ka ga da idonka ya juye daga kore zuwa ruwan ƙasa, irin na tuffar nan da aka manta a faranti.